Shuɗin Tiyo da Direban Alhaji Hamisu

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya. Mota ta shigo gareji gindinta a ƙasa, sai ɗayanku ya ruga ya ɗauko kwamfuta, ya jona mata, ya karanta abin da allo ya rubuta, ya juyo yana cewa, "Oga, kwamfiresa ce." Wa ya gaya maka? Kwamfuta ba ta taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota ba. Abin da waya ta raɗa mata shi take maimaita maka, in wayar ta yi ƙarya ita ma ta yi. To ku ajiye wayoyin nan ku matso. Yau ba labarin gwanintata zan ba ku ba, wannan kun ji har kun gaji. Labarin yadda na ɓata sunan wani dattijo ne da bakina, don in ɓoye ɓarnar da hannuna ya yi.

Bari in fara da motar, don wasunku har yanzu ganin abin suke kamar tsafi. Motar da ke tafiya a kan iska ba ta da sifirin na ƙarfe. A kowace ƙafa akwai balan-balan na roba mai kauri. Kwamfiresa tana hura iska, bawul yana rabawa, siraran tiyo suna kai wa kowace ƙafa rabonta, sannan akwai ɗan sensa da ke gaya wa ƙwaƙwalwar motar ko wannan ɓangaren ya yi sama ko ya yi ƙasa. Iyakarta ke nan. Wahalar ita ce iska ba baƙin mai ba ce, ba ta ɗiga a ƙasa ka ga tabo ka bi sawu. Tana fita ne a ɓoye, wani lokacin ma sai ta ga dama.

Ni a Bompai na koyi aikin iska, a garejin wani kamfanin jigila, a kan birkin tirela. Maigidana Malam Garba, Allah ya jiƙansa, gajere ne mai saurin fushi, kuma kayan aikinsa na neman yoyo ba su wuce huɗu ba: gorar ruwan sabulu da aka huda murfinta, tef na awo, guntun alli, da kunnensa. In zai saurari mota sai ya sa a kashe rediyo, mai walda ya dakata, mai shayi ma ya daina kaɗa cokali. Shekara biyu na yi ina riƙe masa gorar nan kafin ya bar ni na taɓa bawul. Abin da ya fi nanata mana shi ne, "Kafin ka ɗauki sifana, ka zaunar da direba ka saya masa shayi. Kai awa ɗaya za ka yi da motar, shi kullum yana cikinta." Na ji wannan magana ta fi sau ɗari, na kuma koya wa wasu ita da bakina.

Motar iska ta farko da na gyara ni kaɗai, bayan na buɗe garejina a nan Sharaɗa, ta wani likita ce. Kullum in gari ya waye sai a tarar da ita ta durƙusa a gaba ta dama. An kai ta wuri uku, an canza kwamfiresa sau biyu. Na auna tsayin kowace ƙafa daga taya zuwa baki, na rubuta da alli a jikin bango, na cire fiyus don kada ta gyara kanta, na bar ta ta kwana. Da safe ƙafa ɗaya ce ta sauka. Na ɗaga ta kaɗan don robar ta miƙe, na fesa sabulu, sai ga kumfa daga cikin lanƙwasar balan-balan, wurin da robar ke naɗewa ta tsattsage. Likitan nan har ya bar Kano yana turo mini mutane.

Masu irin waɗannan motoci iri biyu ne. Akwai wanda in ta ba shi wahala sau biyu sai ya ce a cire masa balan-balan ɗin gaba ɗaya a sa sifirin, ya huta. Ba na gardama da su, amma daga ranar motar ta zama wata mota, rami ɗaya za ta faɗa ya ji har haƙoransa. Akwai kuma wanda ya san abin da ya saya, ba zai yarda a taɓa mata asali ba. Alhaji Hamisu yana cikin na biyun.

Alhaji Hamisu dillalin fata ne. Yana tara fatun awaki da na tumaki daga kasuwannin ƙauye, a zuba musu gishiri a sitonsa, ya kai wa kamfanonin jima na Challawa. Gidansa yana Bompai. Motarsa tsohuwar ƙirar Jamus ce, baƙa, doguwa, ya saye ta tun zamanin da kasuwa ke kasuwa. Yana da ciwon baya, shi ya sa ko sunan sifirin ba ya son ji. Ban da ita, yana da a-kori-kura uku na ɗaukar fata, kuma dukansu a hannuna suke.

Direbansa Malam Ishaya, mutumin kudancin Kaduna ne, yana zaune da iyalinsa a Panshekara. Shekara ashirin da biyu yana tuƙa Alhaji. Kafin ya kama tuƙi ya yi wasu shekaru a masaƙa yana kula da injuna. Dogo ne siriri, ba ya da yawan magana, kuma bai taɓa yarda wani ya wanke motar nan ba. Shi ke wanke ta kowace safiya, har ya shimfiɗa kwali ya durƙusa ya goge cikin ƙafafun. In ya kawo ta gareji ba ya tafiya yawo kamar sauran direbobi. Benci yake samu ya zauna yana kallon hannunka. "Injiniya" yake kirana, ni kuma ina ce masa Baba.

Sai muguwar shekarar nan ta zo. Ku ba ku san ta ba. Kamfanoni suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya, a Sharaɗa, a Challawa, a Bompai. Titin nan da kuke gani, da ƙarfe biyu na rana sai ka tsaya a tsakiyarsa ka yi waya babu mai yi maka hon. Kayan gyara suka daina shigowa. Maƙwabtana biyu suka kulle gareji, ɗaya ya koma tuƙa adaidaita. Ni abin da ya riƙe ni motocin Alhaji Hamisu ne, su huɗun nan. Da ya janye su da ni ma na sa kwaɗo.

Wata Talata Baba Ishaya ya kawo baƙar motar ta zauna a baya ta hagu. Aikin bai da wuya. Tiyon da ke kai iska ƙafar ya daɗe yana gugar ƙarfe har ya huje, a daidai inda yake ratsawa ta saman salansa. Asalinsa baƙin tiyo ne mai tauri, wanda aka yi don ya jure zafi. Na leƙa shago biyu a Ƙofar Ruwa, suka ce babu, sai an aiko daga Legas. A lokacin kuwa an rufe wata masaƙa a bayanmu, 'yan gwangwan sun saye injunan suna farfasawa, suna sayar da tiyon iskar da ke jikinsu naɗi-naɗi, shuɗi mai sheƙi, kusan kyauta. Na sayo naɗi guda. Kaurinsu ɗaya da na motar, ya shiga bakin bawul ɗas.

Kada wani ya ce ban sani ba. Na sani. Malam Garba ya taɓa jifan wani da filaya saboda ya sa irin tiyon nan a tirela. Tiyon masaƙa an yi shi ne don inuwa, in ya ji zafi laushi yake yi. Na gaya wa kaina na sati biyu ne kawai kafin na Legas ya iso. Ban kuma taɓa aikawa Legas ɗin ba. Ina yankawa, Baba Ishaya ya sunkuya ya ɗauki guntun da na yar, ya murza shi a yatsunsa, ya ajiye a kan benci. Motar ta tashi ta tsaya cak, na auna ƙafa huɗu daidai, ya ja ta ya tafi.

Bayan kwana goma ya dawo da sassafe. Motar tana tsaye lafiya lau.

"Injiniya, jiya ta zauna," ya ce. "A ƙofar kamfanin jima, bayan azahar. Na daɗe ina jiran Alhaji, inji yana aiki, na kunna esi don ya tarar da sanyi. Sai na ga bayan yana sauka a hankali. Da na kashe ta ta huce, na tayar, sai ta tashi."

Na shiga rami da gorata. Na fesa balan-balan, babu kumfa. Na fesa bawul, babu. Na fesa shuɗin tiyon daga farko har ƙarshe, shiru, kuma wallahi na ji daɗin shirun nan. Motar a sanyaye take, daga Bompai kawai ta zo da safe, me zai nuna? Na canza robobin bawul na ce an gama.

Ya dawo karo na biyu, ya maimaita mini magana ɗaya: ƙofar kamfani, bayan azahar, inji yana aiki a tsaye. Na canza balan-balan ɗin da na gwanjo. Ya dawo karo na uku, ya sake faɗa, wannan karon a hankali kamar mai karanta wa yaro wasiƙa, har ya ƙara da cewa, "In ka samu sarari, Injiniya, ka biyo mu Challawa ka gani da idonka." Na ce masa ina da aiki. Wane aiki? Garejin babu ko keke. Daga nan zuwa Challawa ba a yin rabin awa. Na buɗe kwamfiresa na share, na mayar. Gaskiyar ita ce ba na son in je in ga abin da zuciyata ta riga ta fara zargi.

Karo na huɗu Alhaji da kansa ya zo. Ashe motar ta zauna ne ranar da ya yi baƙi, masu sayen fata daga Legas, har ta kai ya ɗauke su a gaban a-kori-kura mai warin ɗanyar fata. Ya fito yana dafe da baya, fuska a haɗe. Kafin ya yi magana makanikan layin nan sun fara matsowa, kun san halinmu, in babu aiki sai kallo.

"Tasi'u," ya ce, "in aikin nan ya fi ƙarfinka ka gaya mini. Ba abin kunya ba ne. An ba ni labarin wani a Kaduna. Sai in tattara motocin gaba ɗaya in kai inda za a iya."

Motocin gaba ɗaya. Wannan kalmar ce ta shige ni. Na zagaya motar kamar mai nazari, alhali kaina babu komai sai tsoro. Na buɗe but. Warin fata ya bugo ni, ga ɓurɓushin gishiri a kan kafet. Kowa ya san Alhaji yana saka samfurin fata biyu ko uku a but ɗin nan in zai je ciniki, ni ma na sani. Na kuma ji a bakin direbobin a-kori-kura cewa a 'yan watannin nan fatu suna ɓacewa a sitonsa, an rasa mai ɗauka. Na dangwali gishirin da yatsa na ɗaga.

"Alhaji," na ce, "mota ba ta zama haka kawai. Duk abin da ake canzawa na canza. Ana ɗora wa motar nan abin da ya fi ƙarfinta. Ni dai ban ce wane ba."

Ku lura da wannan, don ku san girman abin. Ko ɗan koyo na wata shida ya san motar iska ba ta zama saboda kaya. In ka ɗora mata nauyi, sensa zai ji, kwamfiresa ta ƙara iska, ta koma daidai. Don haka aka yi ta. Makanikan da ke tsaye a wurin sun sani, amma babu wanda ya tanka, don ba a kunyata ɗan'uwan sana'a a gaban mai mota. Alhaji kuwa bai sani ba. Ya yarda da ni, don shekara da shekaru ban taɓa yi masa ƙarya ba.

Ya juya ya dubi Baba Ishaya. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ishaya, da motata?"

Baba Ishaya bai dubi Alhaji ba, ni ya duba. "Injiniya, kai ka faɗi haka?"

Na sunkuyar da kai ina goge hannu da tsumma, hannun da babu ko ɗigon mai a jikinsa. Alhaji ya miƙa tafin hannu. Baba Ishaya ya zaro makullin daga cikin zoben makullansa, ya sha wahala kafin ya fita don ya daɗe a ciki, ya miƙa da hannu biyu. Ya buɗe gaban motar ya ɗauki hularsa da ɗan tawul ɗinsa, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji." Ya taka zuwa bakin titi ya tsaya jiran abin hawa. Ya fi minti ashirin a tsaye a wurin, muna ganinsa, don na gaya muku titin babu motoci.

Aka ba wani ƙanen matar Alhaji tuƙin, sunansa Nura, magidanci ne amma bai san motar ba. Ba a yi sati biyu ba, Alhaji ya yi tafiya, aka aiki Nura Challawa ya karɓo takardu. Ya zauna a ƙofar kamfani yana shan esi, motar ta zauna. Shi bai san a kashe ta ta huce ba. Tsoro ya kama shi, ya jawo ta a haka, bayanta yana kusan shafar kwalta, ya shigo garejin nan da ƙarfe biyu da rabi, inji yana huci.

Karo na farko ke nan da na ga motar da zafinta. Na faɗa rami ban jira ba. Kun ga tabon nan a damtsena, wanda na ce muku walda ce? Ba walda ba ce, salansar motar Alhaji ce. Ban ma buƙaci sabulu ba, da kunnena na ji. Amma na fesa. Shuɗin tiyon ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya, ya kumbura a saman salansa, bakinsa ya saki a wurin haɗi, kumfa tana tashi har tana zubo mini a fuska. Kunya ta rufe ni, ni kaɗai, babu mai kallona. Duk abin da dattijon nan ya faɗa mini sau uku, ga shi a gabana yana tafasa.

Na ce wa Nura ya je ya ci abinci. Na hau babur na koma Ƙofar Ruwa, wannan karon na shiga har can ciki wurin masu yanka motocin hatsari. Kafin la'asar na samo baƙin tiyo na asali a jikin wata irinta. Abin da na ce babu shi a Kano, a yini ɗaya na same shi, da na neme shi da gaske. Na ɗaura, na ɗaga shi daga salansa, na sa masa kariya. Na bar injin yana aiki awa biyu a rana, motar ko gezau. Da Nura ya dawo na ce masa datti ne ya shiga bawul, kada ma ya dami Alhaji da zancen. Ya yi ta godiya, don shi tsoronsa kada a ce shi ya ɓata.

Daga ranar motar ba ta sake zama ba.

Alhaji ya dawo, ya yi wata guda yana hawa, sai ya tsaya a gareji don kansa. Ya sauke gilashi yana murmushi. "Tasi'u, ka ga aikin Allah? Tun da mutumin nan ya tafi ko sau ɗaya ba ta yi ba. Kai ka gano abin da mu da muke tare da shi muka kasa ganowa." Ga dama ta zo har ƙofa. Kalma biyar ta isa. Na buɗe baki na ce, "Ai sai godiya, Alhaji."

Ya dinga ba da labarina a majalisarsu. Abokansa masu irin motar suka fara zuwa daga Bompai da Nassarawa, wannan ya turo wancan. Sunan nan da ke rubuce a allon ƙofa, Tasi'u Iska, a lokacin aka laƙaba mini shi. Rumfar da kuke zaune a ƙarƙashinta, da ramin siminti na biyu, da kwamfutar da kuke taƙama da ita, duk daga wannan suka fito. Ban taɓa faɗa muku ba sai yau.

Labarin Baba Ishaya kuwa yana zuwa mini ko ban tambaya ba. Challawa ba ta da girma in ana zancen direbobi. Magana ta zaga cewa an kama shi yana satar fata da motar maigidansa. Wai har an ga fatun a but. Babu wanda ya sake ba shi makulli. Daga baya fatun suka ci gaba da ɓacewa a sito, aka gane ba shi ba ne a wannan, amma Alhaji ya ce ai mota ta ba da shaida, ɓarayin ne dai suke da yawa. A ƙarshe ya samu gadi a wani kamfanin roba, yana buɗe wa motoci ƙofa. Na daina bin titin. In aiki ya kai ni wajen sai in yi zagaye ta baya.

Ba wai ban yi niyya ba. Da Babbar Salla na shirya musamman na tafi Bompai, na haddace abin da zan faɗa tun daga gida. Na tarar da falo cike da mutane, Alhaji ya gabatar da ni a matsayin wanda ya fi kowa sanin mota a Kano. Na ci nama, na sha lemo, na yi sallama. Na ce sai an samu ranar da yake shi kaɗai. Haka na yi ta ɗagawa har kusan shekara biyu.

Sai aka wayi gari Alhaji Hamisu ya rasu. Ciwon kwana uku.

Washegarin jana'iza na je zaman makoki. An kafa rumfa a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, manyan mutane a ciki. Baƙar motar tana gefe a ƙarƙashin bishiya, a tsaye daidai, ƙafa huɗu babu wadda ta fi wata. Na yi gaisuwa na koma can ƙarshen tabarma na zauna. Ina ɗaga kai na hango Baba Ishaya yana tahowa a ƙasa. Ya rame, furfura ta cinye kansa, yana sanye da wata tsohuwar shadda da na san Alhaji ne ya ɗinka masa. Ya cire takalmi ya durƙusa ya yi wa 'ya'yan ta'aziyya. Wasu suka amsa, wasu suka kau da kai. Da ya tashi bai nufi wurin zama ba, motar ya nufa. Ya zagaya ta baya ta hagu, ya dafa taya, ya durƙusa kamar yadda yake yi in zai wanke ta, ya leƙa ciki. Sannan ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya zo ya zauna kusa da ni.

Muka gaisa. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Na ga ka canza tiyon."

Da ƙyar na ce, "Baba, tun yaushe kuka sani?"

"Tun ranar da ka yanko shi. Shekara takwas ina ɗaura irinsa a masaƙa. Ba ya son zafi."

"Me ya hana ku faɗa?"

"Na faɗa maka sau uku, Injiniya. Na gaya maka wuri, na gaya maka lokaci. Abin da ban yi ba shi ne in kama sunan tiyon, don ba ya kyautu direba ya koya wa bakanike aikinsa a garejinsa. A gaban Alhaji kuma, da na faɗa, da ranar zai kwashe motocinsa. Na san yadda shekarar take, na san kana da yara."

"To ranar da na yi muku ƙazafin fa?"

"Ranar in na buɗe baki, cewa za a yi ɓarawo yana neman wanda zai shafa wa. Na ce ba komai, motar za ta sake zama, Injiniya zai gani, zai je ya gaya masa. Sati ɗaya na ba abin, ko biyu." Ya gyara zama. "Duk Lahadi in na dawo daga coci sai na tambayi maman yara ko an aiko daga Bompai."

Ban san inda zan sa fuskata ba. Na ce ya yafe mini don girman Allah. Na ce yanzun nan zan tashi in shiga rumfar in faɗa a gaban kowa, in kira babban ɗan Alhaji in gaya masa komai.

"Na yafe maka, wannan ba wuya," ya ce. "Yaron kuma ka gaya masa in kana so. Ni na dinga kai shi makaranta, zai saurare ka." Ya dubi ƙofar gidan. "Amma wanda nake so ya ji, jiya aka kai shi makwancinsa."

Ya jawo takalmansa ya saka. Har ya miƙe sai ya sunkuyo. "Ka ɗaga shi daga salansar dai ko?"

Na ce na ɗaga.

"To madalla."

Da zai wuce ta gefen motar, ya ga wani ya ture madubin gefe ya karkace. Ya tsaya ya mayar da shi daidai, sannan ya kama hanya.

Na shiga rumfar na faɗa, a gaban duk wanda ke wurin. Babban ɗan ya saurare ni har ƙarshe, ya ce Allah ya kyauta, ya ce za su neme shi. Sun neme shi, sun kuma ba shi haƙuri. Ya karɓi haƙurin, bai karɓi makullin ba.

Ga can wata ta shigo, kun gani, ta zauna a gaba ta dama. Kai, mayar da kwamfutar nan inda ka ɗauko ta. Je ka kira mini direban, ka ce wa mai shayi ya kawo biyu.